Bazarar da Na Ƙone Irin Malam

Da wuya mako ya wuce ba a samu matashin da zai tsayar da babur a ƙofar gonata ba, ya ciro waya ya nuna mini wani mutum a bakin tafki yana watsa wa kifi abinci, ya ce shi ma abin da yake son farawa ke nan. A lissafinsa rami ne za a tona, a shimfiɗa tampol, a zuba ruwa, sai jiran masu saye. Nakan bar shi ya gama. Sannan in ce ya naɗe hannun riga ya tsoma hannunsa a tafkin farko har gwiwar hannu, ya gaya mini ko yana ganin tafinsa. Yawancinsu ƙyamar ruwan suke yi, wai ya yi kore, ya kamata a canza shi. Duk wanda ya faɗi haka na san da sauransa, domin koren nan shi ne sana'ar tawa. A Kankiya Rabe Mai Kifi ake ce mini, amma ruwa na fi kiwo a kan kifi.

'Ya'yan kifin karfasa nake sayarwa ga masu zuba su a tafkunansu da kududdufai idan damina ta sauka. Ɗan karfasa idan uwarsa ta sake shi daga bakinta bai isa ya ɗauki abincin buhu ba. Abin da yake ci shi ne gansakuka, da wasu 'yan ƙwari da ido bai cika gani ba masu rayuwa a kanta. Ba gansakukar nan mai zare-zare ta bakin rijiya nake nufi ba. Tamu ƙanana ce ƙwarai, ba ta kamuwa da hannu, yawo take a cikin ruwa ta mai da shi kamar miyar kuka da aka tsinka. Tsiro ce kamar kowane tsiro, da hasken rana take haɗa abincinta, kuma tana cikin haɗawa take sakin iskar da kifi ke shaƙa. Ranar da ta mutu, kifi ya rasa abinci da numfashi a lokaci guda.

Aikin farko da aka ba ni a sana'ar nan shi ne ɗaure kashin kaji a tsumman buhu in rataya shi a kusurwar tafki. Wanda ya ba ni aikin shi ne Malam Iro, tsohon malamin gona da ya yi aikin kifi a wajen gwamnati, ya yi ritaya ya haƙa tafkuna huɗu a bayan gari. Kayan aikinsa ba su da yawa. Akwai koma mai laushi da ya ɗinka da gidan sauro, akwai farin faranti da ya kafa a ƙarshen sanda mai tsage-tsage don auna kaurin kore, akwai zana da ake ja a kan tafki idan rana ta take. Sai kuma kwatarniya babba a gindin darbejiya, wadda ya fi ji da ita a kan komai. A cikinta irin gansakukar yake, muna ce mata uwa. Duk mako a kwashe rabi a ƙara ruwa, a ɗan ba ta taki. Daga ita ake ɗiba a shuka sabon tafki, kuma dokar Malam ita ce ko me za a yi ba a juye uwa duka.

Shekara guda na yi ni kaɗai a hannunsa, sai aka kawo Sada daga Boko ta ƙasar Kusada. Na girme shi da shekara biyu, Yaya Rabe yake ce mini har yau. Ni ban ga abin gani a jikinsa ba. Kafin ya cika bokiti ɗaya na cika uku. Idan mai saye ya zo, ni ne mai magana, shi sai murmushi. Abin da ya iya shi ne ya tsuguna a bakin tafki da tsakar rana yana kallon ruwa kamar wanda ya yar da kuɗi a ciki, can ya miƙe ya ja zana taku biyu ya koma ya tsuguna. Wata rana wani baƙo ya tambayi Malam wane ne gwani a cikinmu. Ina tsaye da bokiti a hannu Malam ya ce:

"Rabe shina da hannu. Sada kau shina da ido."

Baƙon ya yi dariya, ni ma na yi. Amma maganar ta zauna mini a rai, har yau ba ta gama wucewa ba. Hannu ai jaki ma yana da irin nasa.

Akwai wata magana da Malam yake yawan maimaitawa idan bazara ta shigo. Yakan nuna gansakukar da ke cikin ruwan da sandarsa ya ce, "Rana ce tuwonta, amma ba ta iya ce ma rana na ƙoshi. Kai ka ce mata." Ni rabin farko na riƙe. A ganina ja da zana aikin malalata ne, wanda Sada ya samu ya fake da shi don kada ya ɗauki bokiti.

Da ciwon ƙafa ya kwantar da Malam, ya kira mu ya raba mana kaya. Kowa ya samu jarka ɗaya ta uwa. Ni ya ba ni farantin awo da komar, Sada kuwa ya ba shi tsohuwar zanar da gara ta fara ci. Na koma gida ina jin daɗi, na ce ashe dai tsoho ya san magajinsa. Ba a yi wata shida ba Allah Ya yi masa rasuwa. Na kafa tafkuna uku a nan Kankiya kusa da titi, inda duk motar da ta fito daga Kano za ta Katsina sai ta gan ni. Sada ya koma Boko, can cikin lungu, inda mai saye sai ya sha kwazazzabai kafin ya isa.

Shekarun farko ni ne a gaba, kuma ban ɓoye ba. Daga baya na lura da wani abu. Mutum zai tsaya a wajena, ya leƙa ruwa, ya yi ciniki sama-sama, ya ce zai dawo. Bayan awa biyu in gan shi ya wuce a babur da jarkoki a baya, ruwa yana fantsala, daga hanyar Kusada. Wanda ya fito ya faɗa mini a fuska shi ne Alhaji Bishir na Fakuwa, shugaban manoman da ke zuba kifi a babban kududdufin garinsu duk damina. Shekara bakwai a wajena yake saye. Ya tsoma hannu a tafkina, ya girgiza shi, ya ce:

"Malam Rabe, ruwanka ba laihi. Amma ka ga na Sada kwanan ga? Wallahi kamar ka sa tuwo ka ci. Ɗiyan kihinshi ko ɗaya bai mutu ma mutanen da suka ɗauka bara ba."

Na ce masa Allah Ya ƙara albarka. Ya ce bana suna son 'ya'yan kifi ninkin na bara, zai dawo bayan mako uku ya duba, wanda ya ga ya fi shiri a cikinmu shi zai ba.

Satin nan aka yi suna a Boko, gidan wani da ko gaisuwar kirki ba ma yi. Na shirya na tafi. Ana gama addu'a na zame na bi ta bayan gari na leƙa gonar Sada. Tafkuna biyar na ƙirga, ni ina da uku. Ban duba zurfinsu ba, ban duba rumfunan zana da ke gefen yamma da kowanne ba, ban duba kurnar da ke inuwantar da su da azahar ba. Biyar ɗin kawai na gani, da koren da ya fi nawa duhu. A kan hanyar dawowa na yanke cewa zan yi bakwai.

Tafkuna huɗu na tona a cikin kwana goma sha biyu, a tsakiyar bazara, lokacin da ko kare ba ya taka ƙasa da azahar. Don in yi sauri na yi su masu faɗi marasa zurfi, ruwan bai wuce gwiwa ba, kuma na ga hakan ya fi cika ido daga titi. Na sa aka sassare rassan darbejiyar da ke gefen gonar, na ce ganye yana ɓata mini ruwa. Na naɗe zana na jingine. Tunanina ɗaya ne: rana ce tuwonta, to zan ba ta ranar da ta Sada ba ta taɓa gani ba, ta ninka tasa kore kafin Alhaji Bishir ya dawo.

Sai maganar iri. Tafki huɗu sababbi suna son iri mai yawa. Na janyo ruwan tsofaffin tafkunan uku na rarraba, na cike gurbin da ruwan rijiya, duka bakwai ɗin suka zama tsararo. Na ga bai yi ba. Na tsaya a kan kwatarniyar uwa, na tuna dokar Malam, na ce ai kwana huɗu ne, in sun yi kore in ɗebo in mayar. Na juye ta tas, har na ɗauraye ta na zuba ɗaurayen. Da hantsi na yi wannan aiki, rana tana hawa.

Ina cikin yi sai ga Sada a babur, ya kawo kaya tasha ya biyo mu gaisa. Ya tsaya ya dubi rassan da ke zube, ya dubi ruwan, ya dubi kwatarniyar a kife. Bai ko sauka daga babur ba ya ce:

"Yaya Rabe, mi ya kai ka? Ruwan ga ya yi tsararo, ga ba zurhi. Don Allah maida zanan ga yanzu, ko zuwa la'asar ne. Ta saba da inuwa, ba ta ɗaukar wagga rana."

Na ce, "Na gode, Malam Sada. In na tashi neman malami na san hanyar Boko."

Ya ce Allah Ya ba da sa'a, ya tafi. Ni kuwa na ce a raina, ga shi nan, ya ga bakwai hankalinsa ya tashi, so yake in rufe ruwa ya ƙi kore har Alhaji ya zo. Har na faɗa wa mai ɗakina cewa hassada ga mai rabo taki ce. Ban san ni ne mai zuba takin ba.

Ranar farko da azahar ruwan ya yi ta fitar da 'yan kumfa ƙanana, na ce aiki ya kama. Rana ta biyu na tsoma farantin awo, maimakon ya ɓace da wuri sai na gan shi har tsaga ta ƙarshe. Na ce yunwa ce, na ƙara buhunan kashin kaji. Rana ta uku koren ya koma ruwan ɗorawa, da la'asar idan ka sa hannu kamar ruwan wanka. Da safe yakan ɗan farfaɗo, in ce to ga shi nan zai dawo, azahar na yi ya ƙara kwashewa. A rana ta biyar ina ganin ƙasan tafki ƙarara, wani toka-tokan abu ya kwanta a ƙasa, wari ya fara tashi. Takin da na ƙara ba mai ci, sai ruɓa yake yana shanye ɗan numfashin da ya rage. Washegari na dawo daga sallar asuba na tarar da 'ya'yan kifin duk sun taso sama suna buɗe baki. Na kunna inji na yi ta zuba sabon ruwa, na tsira da iyayen kifin da ɗan abin da ba a rasa ba. Sauran da koma na kwashe su na binne a gindin darbejiyar da na sassare.

A lokacin ban san abin da ya faru a cikin ruwan ba. Sai bayan shekaru 'yata Hafsatu, wadda ke koyar da kimiyya a sakandare, ta zaunar da ni ta warware mini. Ta ce a cikin kowace ƙwayar gansakuka akwai wani ɗan abu mai kama haske, shi ke tura ƙarfin rana inda ake haɗa abinci. Abin nan kullum haske yana lalata shi, kullum kuma ƙwayar tana cire lalataccen ta sa sabo, tun safe har yamma. Muddin gyara yana cim ma ɓarna, lafiya lau.

"To Baba, ka san injin niƙa," in ji ta. "In ka juye mashi buhu guda a lokaci ɗaya, niƙawa zai yi ko shaƙewa? Hasken da ta kama ta kasa aiki da shi ba ya tsayawa banza, dahi yake zama cikin jikinta shi ƙone koren. Ga zahi kuma shina hana ta gyara."

Ta ce wadda ta girma a inuwa ta fi shiga haɗari, domin ta faɗaɗa abin kama haskenta don ta samu ɗan abin da ke ratsowa, sai ka fito da ita fili da hantsi. Kuma idan ruwa yana da kauri suna yi wa juna inuwa, ta sama ta sha rana ta nutse ta huta, ta ƙasa ta hau. Ni na tsinka ruwan, na rage zurfi, na cire zana, na sare reshe. Duk wata mafaka da take da ita sai da na bi na rushe. Na ce wa Hafsatu ai Malam Iro ya faɗi wannan duka a magana ɗaya, ba da allo ba.

Amma wannan daga baya ne. A satin da abin ya faru, Sada na zarga. Na ce ruwa ba ya tsami banza, mutum ya zo ya tsaya a kan babur ya zuba wa tafkunana ido, kwana biyar komai ya mutu. Alhaji Bishir ya zo ya leƙa ramuka bakwai na farin ruwa, ya yi mini jaje, ya hau babur ya nufi Kusada. Ban hana shi ba. Kifi ana sake samu, mai saye ma yana dawowa. Abin da ya hana ni sukuni shi ne kwatarniyar da ke kife. Irin Malam Iro, wanda ya raya tun kafin ya san ni, ya mutu a hannuna, saura na wajen Sada kaɗai.

Na yi ƙoƙarin kauce wa Boko. Na je wani kududdufi da bai gama ƙafewa ba na ɗebo koren ruwansa na shuka. Mai zare-zaren ce ta fito, ta cika tafki tana sarƙe 'yan kifin da suka rage, ga 'ya'yan kwaɗi. Na kwashe na wanke. Na bar ruwa da taki ya yi kore da kansa, sai wata mai shuɗi-shuɗi mai wari ta taso, wadda kifi ba ya so. Wata guda ina wannan wahala, damina tana matsowa. Ranar wata Laraba na ɗaura jarka a babur, na nufi Boko ta hanyar da ba za a gan ni a tasha ba.

Na shirya maganar da zan faɗa tun daga gida, har da yadda zan ɗora laifin a kan ruwan rijiya. Sada bai ba ni damar faɗa ba. Yana ganin jarkar ya karɓe ta, ya tambayi mutanen gida, ya ce in biyo shi. Na ɗauka tafki za mu, sai ya wuce da ni bayan ɗakinsa, gindin wata kurna. Kwatarniya biyu ne a wurin, kowacce da 'yar rumfar zana, rana tana taɓa su da safe kawai. Duka biyun kore shar. Ya nuna ta dama ya ce wannan tasa ce. Ya tsuguna a gaban ta hagu ya fara cika jarkata.

Na ce, "Wannan fa ta wa ce?"

Bai ɗago daga kan jarkar ba ya ce:

"Taka ce, Yaya. Ran da Malam ya raba muna kaya, bayan ka tahi ya kira ni ya ƙara mani jarka guda. Ya ce, aje wagga da sunan Rabe. Yaron kirki ne, amma shina da gaggawa, wata rana zai ƙone tashi. In ya zo ka ba shi, kada ka ce mashi komi."

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Malam a lokacin. Shekara goma sha ɗaya mutumin nan yana kwashe rabi yana ƙara ruwa duk mako a kwatarniyar da ke da sunana, ina can bakin titi ina ƙirga masa tafkuna. Ya kamata in ji kunya, kuma na ji. Ya kamata in gode, kuma na gode, har na riƙe hannunsa da hannu biyu. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, abin da ya fi ƙarfi a raina a gindin kurnar nan kishi ne. Ni aka ba faranti, shi aka ba amanata. Tsohon nan ya dube mu mu biyu, ya san wanda zai ɓarar, ya san wanda zai riƙe, kuma bai yi kuskure ba.

Sada ya ɗaura mini jarkar da kansa, ya yayyafa wa buhu ruwa ya lulluɓe ta. Ya ce in bari sai bayan la'asar in zuba, a tafki ɗaya tak, a ƙarƙashin zana, in riƙa janye zanar kaɗan-kaɗan kullum har ta saba. Wannan karon na yi yadda ya ce. A kwana na tara farantin ya ɓace a tsaga ta uku.

Tafkuna huɗun nan marasa zurfi na cike biyu, na ƙara wa biyu zurfi. Darbejiya ta sake tofo. Alhaji Bishir ya dawo bayan shekara biyu, yanzu raba sayen yake tsakaninmu, kuma na san wa yake fara zuwa wurinsa. Saboda haka kai matashi mai waya, in ka zo koyo, ba koma zan fara ba ka ba. Zana zan ba ka, ka tsuguna a bakin ruwa daga hantsi zuwa la'asar har ka iya gane lokacin da kore ya fara gajiya. In ka ga wannan ya yi maka kaɗan, ga titi nan.

In kuma ka zaga bayan ɗakin ajiya za ka ga kwatarniya biyu. Ta dama tawa ce. Ta hagu na kafa ta a shekarar da abin ya faru, da sunan Sada, don ranar da shi ma zai ƙone tasa ya ɗauro jarka ya zo ya same ni. Na ma shirya yadda zan karɓi jarkar ba tare da na ce masa komai ba. Shekara tara ke nan ina kwashe rabi ina ƙara ruwa, ina ba ta kashin kaji duk mako. Har yau bai zo ba.